Wa Ya Sa Guba a Garin Kunun Sa'adu?

Da hantsi jaririyar ta cika. Sunanta Mashkura, watanta tara, daga wani ƙauye cikin yankin Boyekai na ƙasar Goronyo aka kai ta asibiti. Idanunta sun koma ruwan ɗorawa, cikinta ya kumbura. Akwai wasu yara huɗu 'yan ƙauyensu kwance a ɗaki guda da irin ciwon. Da aka auna garin kunun da uwarta ke dama mata, sai aka tarar da gubar funfuna a cikinsa, mai yawan da ko babba ya ci sai ya ji a hantarsa.

A Achida ake yin garin, don haka baturen 'yan sandan Wurno ya ɗora binciken a kan Sufeto Mu'azu.

Labari ya riga shi isa. Ya tarar da mutane cunkus a ƙofar masana'antar, mata na jifa da ledojin gari. Sama da ƙofar akwai wani ƙaton allo mai hoton Alhaji Sa'adu, mai masana'antar, yana murmushi, riƙe da jariri ɓul-ɓul. Wani ya jefi hoton da taɓo, daidai baki. Mu'azu ya tsaya yana kallon taɓon nan fiye da yadda aiki ya bukata, ya ji wani sanyi na sauka a ƙirjinsa. Ya yi istigfari a ɓoye, amma sanyin bai tafi ba.

Ajinsu guda da Sa'adu a firamare. Mu'azu ne ke zuwa na ɗaya, Sa'adu kuwa bayansa yake zama yana leƙen allonsa. Yau ga Sa'adu da mota, ga rijiyar burtsatse da ya haƙa wa unguwa, ga muryarsa a rediyo. Mu'azu na nan da babur ɗinsa mai tari. Ko mahaifiyarsa, in ya je gaishe ta, sai ta ce, "Ka ji Sa'adu jiya cikin rediyo? Yaron ga Allah ya yi mashi albarka."

Kofur ya buɗa masa hanya ya shiga. Sa'adu na zaune bisa buhun gero, babu hula.

"Mu'azu! Alhamdu lillahi da kai anka turo."

"Sufeto," in ji Mu'azu. "Aiki nit taho. Mi aka sawa cikin garin ga?"

"Gero, waken suya, gyaɗa, ɗan sukari. Shi ke nan."

"Wa ka kawo maka gyaɗa?"

"Abdulƙadiri na Rabah. In ta iso mata su tsince ta ɗaya-ɗaya, a soya, a murje ɓawon, sannan inji shi niƙa."

"In ta yi tsada hwa? Ba ka sayen ta arha ka haɗa?"

Sa'adu ya ɗago kai. "Ɗiyana shi suka sha, Mu'azu. Kuma ko ba don Allah ba, yanzu za ni yin haka? Ina neman kwangilar asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo. An ce masu awo za su zagaya su ɗebi garin can inda aka raba shi, ba nan ba. Kowane asibiti an shaida masu. Mahaukaci na ni?"

Sa'adu ya zagaya da shi. Ya nuna masa tabarmin da ake tsinta, da injin niƙa, da injin liƙe leda mai barin layi uku masu tudu a bakin kowace leda. A wani kanta kuma ga ledojin da yake ajiyewa daga kowace niƙa. Komai tsaf. Tsaftar wurin ma ta ƙara ɓata wa Mu'azu rai.

Ya kwashi ledojin ajiyar, ya sa aka rufe masana'antar, ya ce wa Sa'adu ya shiga motar 'yan sanda.

"Kama ni kay yi?"

"Tsare ka nika yi. In nib bar ka nan, mutanen ga ba su barin ka da rai."

Gaskiya ce. Amma da ƙofar bayan kanta ta rufe a Wurno, Mu'azu ya san ba don wannan gaskiyar kaɗai ya ji daɗin ƙarar kwaɗon ba.

Washegari ya sami Malama Elisabatu, wadda ta auna garin. 'Yar Kudancin Kaduna ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ta daɗe tana zagaya ƙauyukan yankin tana ɗibar jinin yara don binciken karatunta a kan abin da abinci ke yi wa garkuwar jiki. Ta auna ledojin da ya kawo a gabansa.

"Waɗannan lafiya lau suke," ta ce. "Na kuma karɓo na Rabah da na nan Wurno, niƙa ɗaya da na Boyekai. Babu komai a cikinsu."

"Yana iya ware mai kyau shi aje, shi tura ɓatacce ƙauye."

"Yana iya. Amma inji ɗaya ya niƙa su rana ɗaya. Da wuya guba mai yawa haka ta shiga katon guda, wato kwali ɗaya, ta bar sauran."



"Akwai abin da ya fi damuna," ta ci gaba. "Idan yaro ya ci wannan guba, tana barin sawu biyu. Na cikin jini yana daɗewa, har wata biyu ko fiye. Na cikin fitsari kuwa gajere ne, abin da aka ci kwanan nan kawai yake nunawa. Yaran nan na taɓa auna jininsu da rani, ba su da wani abin tsoro. Yanzu jinin dukansu biyar cike yake, alamomin garkuwar jikinsu sun faɗi, shi ya sa gudawa da zazzaɓi suka kayar da su lokaci ɗaya. Amma fitsarin huɗun da ke raye kusan wanke yake ranar da aka kwantar da su. Na Mashkura kaɗai ne cike."

"Ma'ana?"

"Huɗun sun daina cin garin kwanaki kafin a kawo su. Ita ba ta daina ba."

"Wa yac ce su daina?"

"Nan aikina ya ƙare, Sufeto. A lokacin ko ni ban san garin ne ba."

Ta ba shi leda ɗaya da ba a fasa ba, daga cikin waɗanda aka karɓo hannun uwar Mashkura. Da ya koma ofis ya ajiye ta gefen ta masana'anta. Ta Boyekai ta gaza ɗayar tsawo da kamar faɗin yatsa. Bakinta sumul yake, babu layi uku, ga ɗan duhun ƙuna a kusurwa. Ya farke su duka biyu ya zuba a farar takarda. Garin masana'anta laushi gare shi, kalarsa ɗaya. Na Boyekai da tsaki-tsaki, da jan ɓawon gyaɗa birjik. Wannan ba aikin inji ba ne. Dakan turmi ne.

Ya daɗe yana kallon takardun nan biyu. Wani ya yanke bakin leda, ya zuba abin da ya zuba, ya sake liƙewa da wani abu mai zafi. Mai injin liƙi a ɗakinsa ba ya bukatar wannan wahala. Mu'azu ya gane haka tun kallon farko. Sai dai bai tashi ya je bayan kanta ya faɗa wa kowa ba. Ya ce wa kansa bincike bai ƙare ba, ya ninke takardun.

A Rabah ya sami Abdulƙadiri a rumfarsa, tsoho mai farin gemu, yana auna gyaɗa da tiya.

"Baba, kai ka ba Sa'adu gyaɗa?"

"Ni na, ɗana. Kuma ban taɓa ganin mai tsanani irinai ba. Buhu guda in ya ga baƙaƙe biyu sai shi maido."

"Wadda yam maido, ina kaka kai ta?"

"Damana ta yi nisa bana, da yawa ta yi hunhuna. Masu sabulu na ɗiba. Saura in ba malaman asibiti kyauta."

"Su yi mi da ita?"

"Su gwada ma mata, su ce in kun ga irin wagga kar ku ba ɗiya. Daga Wurno suna tahowa, daga Goronyo suna tahowa. Ban riƙe sunaye ba. Mutum ya roƙi shara, sai ka tambai sunanai?"

Tsohon ba ya taɓa leda, bai san inda ake kai ta ba, bai kuma da abin da zai samu in babban mai sayen kayansa ya faɗi. Mu'azu ya cire shi daga lissafi, ya ɗauki hanyar Goronyo da wuri, don hanyar ba a son bin ta bayan la'asar.

Ƙaramin asibitin ƙauyen ɗaki uku ne da rumfa, bayansa gonakin albasa. Ma'aikata biyu ne: Malama Fatsuma, wadda kowa ke kira Inna, da mataimakinta George, saurayi ɗan Gombe. Inna ta fita duba wata mai jego. George ya sha jinin jikinsa tun da ya ga kaki.

"Kai kar raba garin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma wallahi yadda na same shi haka na ba da."

"Ina kas same shi?"

"Wanda ke sito ya ƙare, ga mata sun zo ranar awon yara. Inna ba ta nan, an yi mata rasuwar yayanta a Sisawa, ta tafi zaman makoki. Sai na hango katon guda bisa kabad a ɗakinta. Na ɗauka mantawa aka yi da shi."

"Ka kira ta?"

"Babu sabis a can."

"Da tad dawo mi tac ce?"

"Ta tambaye ni ina katon ɗin. Na faɗa mata. Ta zauna a ƙasa, nan inda kake tsaye. Na zaci gajiyar hanya ce. Sai ta ce in lissafo mata gidajen da na ba, ta ɗauki mayafi ta fita."

"Kai ka san Alhaji Sa'adu?"

"Sau ɗaya na gan shi, da ya kawo kaya. Ya ba ni kuɗin sabulu."

Mu'azu ya dubi ɗakin. A kan tebur akwai ƙullin ƙwayoyin magani cikin ƙananan ledoji, bakinsu a liƙe sumul. Ya ɗauki ɗaya.

"Wa ka liƙe waɗanga?"

"Inna. Da dutsen guga take yi, ta ɗora takarda a kai. Ni in na gwada ƙonawa nake."

A lungu ga wani ɗan buhu a yashe, saura 'yan ƙwayoyin gyaɗa baƙaƙe masu kore-kore a gindinsa. George ya ce na koyar da mata ne, da cike yake, bai san lokacin da ya ƙare ba.

Mu'azu ya shiga gari. Gida uku ya shiga, magana ɗaya ya ji. Inna ta zo da rana tsaka, tana haki, ta ce a ba ta garin nan, ya kusa lalacewa, za ta kawo sabo. Ta karɓe har wanda aka juye a gwangwani. Na tsohon rabo da ya rage wa wasu kuwa ta duba bakin ledar ta bar musu.

"Lokacin yaro ya hwara ciwo?" ya tambayi wata.

"A'a, yana ta rarrahe abinai. Sai bayan nan idanun sunka canza. Allah shi saka ma Inna, ba don ita ba da mun rasa su duka."

"Ta ce ku kai shi asibiti a duba?"

Matar ta yi tunani. "Ba ta ce ba."

Gida na ƙarshe na makoki ne. Sadiya, uwar Mashkura, yarinya ce da ba ta wuce ashirin da biyu ba. Tana zaune bisa tabarma tsakanin tsofaffi, idanunta a bushe. Mu'azu ya yi ta'aziyya, ya nemi gafara, ya tambaye ta ko Inna ta zo karɓar gari.

"An ce ta taho, ba ni nan. Mun ƙetare gulbi, can tunga wajen yankan shinkahwa. Da garin nit tahi."

"Ba ta aiko maki da saƙo ba?"

"Ta bar sallahu in na dawo in kai mata ledojin. Ba ta ce da gaggawa ba. Na ji ɗan ɗaci cikinai. Sai in ƙara sukari. Tana ƙi, ina ɗura mata, don Inna ta ce shi ka sa ƙarhi."

Muryarta ba ta rawa. Mu'azu ne ya kasa haɗa ido da ita.

Wata tsohuwa ta raka shi zaure. Ita ce ta ce masa, ba tare da ya tambaya ba, "Wai garin Sa'adu! Garin Inna na. Tun Sa'adu na tallan sabulu bisa keke taka haɗa shi. Ɗanai na hwari ya rame kamar tsinke, nan yak kawo shi, Inna ta yi ta ba shi har ya tashi. Ita tak koya ma matatai awon gero da na wake. Yau ga hotonai bisa leda."

Ya koma asibiti ya tarar Inna ta dawo. Mace ce mai kimanin shekara hamsin da biyar, doguwa, farin kayanta a goge ƙal. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Ya sallami George, ya fito da ledar masana'anta ya ajiye tsakaninsu, hoton yana sama.

Idonta ya sauka a kan murmushin Sa'adu, ya tsaya ɗan lokaci, sannan ta kawar da kai, gefen bakinta ya motsa. Abu ne da wani ba zai lura da shi ba. Mu'azu ya san wannan kallon. Ya san yadda yake daga ciki.

"Inna, mi yas sa kik karɓe garin ga daga gidaje?"

"Na ga ya daɗe."

"Sabuwar niƙa ta. Kuma kin bar masu wanda yah hi shi daɗewa."

"Na ji ana cewa yana da ɗaci."

"Wa yac ce maki? Daga Sisawa kit taho, ba ki ko aje jaka ba."

Mu'azu ya gyara zama.

"Bari in hwaɗa maki yadda nig gani, in na yi kure ki gyara mani. Garin ga lahiya lau yab bar Achida, don 'yan uwanai na Rabah da Wurno babu komi cikinsu. An yanke bakin leda, an zuba dakakkiyar gyaɗa mai hunhuna, an liƙe da dutsen guga. Mai gyaɗa bai taɓa ledag ga ba. George bai iya liƙi ba, kuma da shi na, da bai raba shi da hannunai da sunanai ba. Awon hitsari ya gwada ɗiya huɗu sun bar cin garin tun kahin kowa shi zarge shi. Wanda yak karɓe shi tun ɗiyan na wasa, ya san abin da ke ciki. Kuma ya san ledar da za shi ɗauka da wadda za shi bari."

A waje wata akuya na kuka.

"Ba don ɗiya kinka yi shi ba," in ji Mu'azu, muryarsa ta sauka. "Don masu awo na. Ki aje katon bisa kabad, in sun taho ki miƙa masu, garin shi hwaɗi, kwangila ta wuce shi. Sai mutuwa ta kira ki Sisawa."

Inna ta miƙe a hankali. Ta shiga ƙuryar ɗaki ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, ta ajiye gabansa. Ledojin ne, wasu a fashe, wasu cike.

"Na so in ƙone su," ta ce. "Kullum in ce gobe."

Ta zauna, ta haɗa hannuwanta a cinya.

"Ban taɓa son kuɗɗinai ba, ɗana. Ko sisi. Ranar da anka yi hira da shi cikin rediyo, ina nan zaune ina tsintar wake. Anka ce, Alhaji, ina kas samo wagga hikima? Na aje tire. Na ce yanzu za shi ce akwai wata tsohuwa Boyekai. Sai yac ce dogon bincike yay yi, da taimakon Allah." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Matan da nik koya ma da hannuna sunka koma suna ce mani, Inna, a ba mu na Sa'adu, ya hi naki laushi. Ni ka ɗauko katon, ni ka miƙa masu huskatai. Shekara da shekaru. In na kwanta in gan ta, in na tashi in gan ta."

"Na ji wannan," in ji Mu'azu. Ya ji shi fiye da yadda za ta sani. "Abin da ban ji ba shi na na bayan nan. Kin dawo, kin san sun ci. Ke kin san aikin gubag ga hiye da kowa garin ga. Mi yah hana ki ce a kwashi ɗiyan a kai asibiti ranan nan? Mi yah hana ki hau jirgi ki ƙetare gulbi wajen Sadiya?"

Nan fuskarta ta karye.

"In nac ce a kai su, sai a ce don mi. In nac ce don mi..." Ta kasa ƙarasawa. "Na ce ƙila kaɗan sunka ci. Na ce ƙila Allah shi rufa mani asiri. Na je bakin gulbi, na tsaya, na ga jirgi, na komo." Ta dubi tafin hannunta. "Ni niy yanke ma Mashkura cibiya. Ni niy yanke ma uwatta."

Mu'azu ya rubuta abin da ta faɗa, ya karanta mata, ta sa hannu. Ya kira 'yan sandan Goronyo su turo mota da 'yar sanda mace. Kafin su iso ta roƙi abu ɗaya: a bar ta ta nuna wa George yadda zai ci gaba da maganin mai jegon da ta dubo. Ya bar ta. Ta yi bayanin dalla-dalla, George na kuka yana gyaɗa kai.

Ana kiran magariba ya iso Wurno. Ya karɓi mabuɗi hannun kofur, ya buɗe bayan kanta da kansa. Sa'adu ya fito rigarsa a yamutse, sauro ya yi masa kaca-kaca da fuska. Mu'azu ya zaunar da shi a benci ya ba shi labarin duka, tun daga bakin leda har bakin gulbi. Bai faɗa masa tun yaushe ya ga bambancin ledojin ba.

Sa'adu ya daɗe riƙe da kai.

"Inna Hwatsuma? Ita tar raya mani ɗa! Duk salla sai na aika mata da turmin atamhwa."

"Ka taɓa hwaɗin sunanta gaban mutane?"

"Ban yi tunani ba. Wallahi ban yi tunani ba. To mi yah hana ta taho ta hwaɗa mani? Da ko hotonta na sa."

"Ta ce maka mi? Ta ce, Sa'adu, in an yabe ka zuciyata na ƙuna? Ba a hwaɗin irin wanga abu. Haɗiye shi aka yi, a gaishe ka da dariya."

"Yarinya ta mutu, Mu'azu. A kan suna."

"Ta mutu."

Sa'adu ya share fuska da hannun riga. Ya dubi abokin karatunsa da jajayen idanu, kallo na tsakani da Allah, babu komai a bayansa.

"Ni ban taɓa sanin akwai mai jin haka game da ni ba. Allah ya so ni da binciken ga ya hwaɗo hannunka. Da wani na, da ya bar ni ciki."

Mu'azu ya dube shi. Ya so ya faɗa masa cewa shi ma haka yake ji game da shi, amma ya haɗiye maganar. Ya miƙa hannu ya ɗauko hular Sa'adu da agogonsa daga aljihun tebur, ya tura masa.

"Sa hannu nan," ya ce. "Ka tai gida, ɗiyanka na jiran ka."